Hasumiya da Dakare a Ƙarshen Wasan Ces: Nasiha ga Matasa Masu Koyo

Ƙarshen wasa na hasumiya da dakare shi ne matakin da wasan ces yake kaiwa bayan an cinye yawancin 'ya'ya, allo ya yi fili, kowane ɓangare ya rage daga sarki sai hasumiya ɗaya da 'yan dakaru, ko ma dakare ɗaya tak a tsakaninsu. Babu wani irin ƙarshen wasa da ya kai wannan yawan aukuwa, domin a wasannin ƙwararru wajen takwas zuwa goma cikin ɗari a nan suke tiƙewa. Dalilin a fili yake: a kusurwar allo hasumiya take fara wasa, 'yan uwanta sun tare mata hanya, saboda haka ita ce ke makarar shiga fage, ita ce kuma ke saura bayan sauran sun faɗi. Matashin da ya haddace hanyoyin buɗe wasa amma bai san wannan mataki ba, zai riƙa samun rinjaye a tsakiya yana zubar da shi a ƙarshe. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Asalin wasan da dangantakarsa da ƙasar Gumel

Wasan allo ba baƙo ba ne a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Dara, mai ramuka 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, ta daɗe tana tara manya a gindin itatuwa, kuma wanda ya taɓa tsayawa kallonta ya san gwani ba ya ɗaga ɗa sai ya hango abin da zai biyo baya. Wannan hangen shi ne jarin ces.

Ces ya samo asali a Indiya wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, daga nan Musulmi suka karɓe shi da sunan shaɗaranji. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa aka yi gwanaye irin su al-Adli a ƙarni na 9 da as-Suli a ƙarni na 10, waɗanda suka riƙa tsara matsaloli a kan allo suna cewa a nemo hanyar nasara, wato irin wasa ƙwaƙwalwar da ake yi yau. A ƙarshen ƙarni na 15 Turawa suka sauya tafiyar sarauniya da ta giwa, amma tafiyar hasumiya tana nan yadda take tun wancan zamani. Wani reshe na tsohon wasan ya rayu a fadar Borno har cikin ƙarni na 20, inda a shekarun 1930 aka rubuta bayaninsa da sunayen 'ya'yansa, waɗanda wasunsu sarautun Borno ne: sarki shi ne Mai, na kusa da shi Ciroma, hasumiya kuwa Kaigama, babban jagoran yaƙi. Masarautar Gumel kuwa Mangawa ne daga Borno suka kafa ta a tsakiyar ƙarni na 18, kuma Mai ne laƙabin sarakunanta. Saboda haka yaron Gumel da ya haɗu da ces a wayarsa, bai yi nisa da tarihin gidansu ba.

Malamai sun yi saɓani a kan shaɗaranji. Malikiyya sun tsananta a kansa, Shafi'iyya sun sassauta bisa sharuɗɗa, amma kowa ya haɗu a kan haramcin sa kuɗi a kansa da barin ya shagaltar da mutum daga salla. Ya kamata matashi ya san wannan tun farko, ya tambayi malaminsa, ya kuma kiyaye iyaka.

Allo da yadda ake rubuta motsi

Allon ces yana da gidaje 64. Layuka takwas na tsaye ana kiransu da haruffa daga a zuwa h, sahu takwas na kwance kuma da lambobi daga 1 zuwa 8, ana farawa daga ɓangaren Fari. Kowane gida yana da suna, misali d4 shi ne mahaɗar layin d da sahu na 4. Hasumiya, wadda 'yan wasa ke kira ruk, tana tafiya miƙe a layi ko a sahu iya nisan da hanya ta ba ta. Sarki gida ɗaya yake takawa ta kowace fuska. Dakare gaba kawai yake yi, a karkace yake ci, kuma idan ya isa sahun ƙarshe sai a naɗa shi sarauniya ko hasumiya ko giwa ko doki, yadda mai shi ya zaɓa. Harin kai tsaye ga sarki shi ne cek. Idan sarki yana cikin cek kuma babu mafita, an yi mat, wasa ya ƙare. Idan kuma ba ya cikin cek amma ɓangarensa ba shi da wani motsi na halal, an tashi kunnen doki. A nan S tana nufin sarki, H tana nufin hasumiya, alamar + tana nufin cek, motsin dakare kuma da sunan gida kawai ake rubuta shi. Littattafan Ingilishi K da R suke sawa a madadin S da H.

Tambayoyin da ake yi kafin a taɓa komai

Mafi yawan masu koyo suna faɗuwa a wasa ƙwaƙwalwar ces tun kafin su fara lissafi, domin motsin da ya fara zo musu shi suke yi. Gaggawa aikin Shaiɗan ce. Dillalin da ya ƙware a kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis ba ya taya sa sai ya zagaya shi, ya duba haƙori da ƙafa. Haka mai warware matsala yake zagaya allo da ido kafin hannunsa ya motsa.

Tambaya ta farko ita ce wane ne da motsi, kuma me ake nema, nasara ko kunnen doki. A wannan irin ƙarshen wasa motsi ɗaya yana juya sakamako gaba ɗaya. Ta biyu, ina sarkin mai tsaro yake. Idan ya riga ya tsaya a gaban dakaren abokin karawa, a kan gidan da za a yi naɗi, galibi kunnen doki ne. Idan kuwa hasumiya ta datse shi a wani layi ta hana shi ƙetarowa, galibi mai dakare ne da nasara. Ta uku, a wane layi dakaren yake, domin dakaren gefe, na layin a ko h, hukuncinsa daban ne. Ta huɗu, motsi nawa kowane ɓangare yake buƙata ya cim ma burinsa, kuma ƙirgawa ake yi ɗaya bayan ɗaya, ban da kintace. Ta biyar, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce mene ne mafi kyawun martanin abokin karawa. Wanda ya gina lissafinsa a kan fatan ɗayan zai yi kuskure, bai warware komai ba.

Bayan waɗannan tambayoyi sai mai koyo ya duba ko abin da ke gabansa yana kama da ɗaya daga cikin sanannun matsayai. Biyu daga cikinsu su ne ginshiƙin babin duka.

Matsayin Lucena: yadda mai dakare yake nasara

An sa wa wannan matsayi sunan Luis Ramírez de Lucena, ɗan Sifaniya da ya buga littafin ces a 1497, ko da yake matsayin ba ya cikin littafinsa. A littafin Alessandro Salvio ɗan Italiya na 1634 aka fara ganin irinsa. Ga tsarinsa: sarkin Fari yana b8, dakarensa yana b7, hasumiyarsa tana c1. Sarkin Baƙi yana d8, hasumiyarsa tana a2. Fari ne da motsi.

Dakare saura masa gida ɗaya, amma sarkinsa ya tare masa hanya, shi kuma sarkin ba shi da mafita: hasumiyar Baƙi ta riƙe layin a, sarkin Baƙi ya riƙe c7 da c8. Matakin farko shi ne korar sarkin Baƙi: 1. Hd1+ Se7. A nan mai gaggawa yake fito da sarkinsa zuwa c7, sai hasumiyar Baƙi ta dinga yi masa cek daga baya. In ya yi nisa da dakare a cinye dakaren, in ya tsaya kusa cek ba ya ƙarewa, har ya koma b8 inda ya fito.

Motsin gwani shi ne 2. Hd4. A ido kamar ba ta yi komai ba, alhali garkuwa ake tanada. Sai wasa ya ci gaba: 2... Ha1 3. Sc7 Hc1+ 4. Sb6 Hb1+ 5. Sc6 Hc1+ 6. Sb5 Hb1+ 7. Hb4. Hasumiyar Fari ta shiga tsakani, sarkinta yana kare ta, cek ya ƙare, babu mai hana dakare zama sarauniya. Littattafan ces suna kiran wannan dabara gina gada. Darasin da ke ciki shi ne a tanadi mafaka kafin a fito fili. Wannan hanya tana aiki da kowane dakare in ban da na gefe, shi ya sa mai rinjayen dakare ɗaya burinsa ya kai wasa ga wannan matsayi, mai tsaro kuma burinsa ya hana.

Matsayin Philidor: yadda mai tsaro yake tsira

François-André Philidor, Bafaranshe gwanin ces kuma mai tsara kiɗa, shi ya bayyana wannan tsaro a 1777. Tsarinsa: sarkin Fari yana d5, dakarensa yana e5, hasumiyarsa tana h7. Sarkin Baƙi yana e8, a gaban dakare, hasumiyarsa tana a6.

Aikin Baƙi kashi biyu ne. A kashi na farko hasumiyarsa tana zaune a sahu na 6, tana kai da komo a cikinsa, tana hana sarkin Fari takawa gaba. Muddin tana nan, Fari ba shi da hanyar ƙara matsi sai ya tura dakare: 1. e6. A wannan lokaci kashi na biyu yake farawa, kuma ba ya son jinkiri: 1... Ha1. Hasumiya ta bar sahu na 6 ta gangara can ƙarshen allo. Dalili kuwa, dakaren da ya hau e6 ya rufe gidan da sarkinsa zai fake a ciki. Idan Fari ya yi 2. Sd6, sai 2... Hd1+ 3. Se5 He1+ 4. Sf6 Hf1+, cek daga baya babu iyaka, wasa ya tashi kunnen doki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai tsaro ya saba da zaman sahu na 6 har ya kasa barinsa bayan dakare ya hau. Idan ya ci gaba da kai da komo, sarkin Fari zai bi ta e5 ya shiga f6, dakarensa ya kare shi daga gefe, barazanar mat a h8 ta tilasta wa sarkin Baƙi gudu, dakare ya wuce. Haƙurin da ya cece shi a kashi na farko shi ne zai kayar da shi a na biyu, in bai gane lokaci ya sauya ba.

Idan mai tsaro ya makara bai samu sahu na 6 ba, akwai sauran dabara. Dakare yana raba allo gida biyu, gajeren ɓangare da dogo. Ga dakaren layin f, misali, layin g da h su ne gajere, daga a zuwa e kuma dogo. Sarkin mai tsaro ya koma gajeren ɓangare, ya bar wa hasumiyarsa dogon, domin ta samu tazarar yin cek daga gefe. Tana buƙatar aƙalla layuka uku a sake tsakaninta da dakaren, in ba haka ba sarkin abokin karawa zai matso ya kore ta. Wannan tsaro yana da santsi har ga manya: Magnus Carlsen, yana ɗan shekara 15, ya sha kaye a hannun Levon Aronian a Mosko a 2006 a ƙarshen wasa na hasumiya da dakare ɗaya wanda da kunnen doki ne.

Dakaren gefe

Dakaren layin a ko h shi ne mafi wuyar kaiwa ga naɗi, saboda sarkin da ke rakiyarsa ɓangare ɗaya kawai yake da shi na fita. Akwai matsayi ɗaya da ya wajaba a sani. Hasumiyar Fari tana a8, dakarenta yana a7, hasumiyar Baƙi tana bayansa a a1. A nan gidaje biyu ne kawai amintattu ga sarkin Baƙi idan yana wancan ɓangaren allo: g7 da h7. In ya hau sahu na 6, misali g6, sai Hg8+ sannan dakare ya zama sarauniya. In ya matso f7, sai Hh8. Idan Baƙi ya ci dakaren a7, sai Hh7+, cek ya ratsa sarki, hasumiyar da ke bayansa ta tafi. Amma idan ya tsaya tsakanin g7 da h7, Fari ba zai iya komai ba: duk lokacin da sarkinsa ya zo kare dakare domin hasumiya ta fita, cek daga baya zai kore shi, kuma ba shi da wurin ɓuya. Ko an ƙara wa Fari dakare a layin g ko h, kunnen doki ne. Dakaren layin f ne yake sauya hukunci, domin idan ya hau f6 da cek yana tilasta wa sarki barin gidajen nan biyu, ko ya bar masa hanya.

Abin lura ga mai rinjaye shi ne kada ya yi saurin tura dakarensa zuwa a7, domin gidan a7 shi ne mafakar sarkinsa. Ga mai tsaro kuwa, idan dakare ya tsaya a a6, akwai tsaron Josef Vančura da aka buga a 1924: sarki a g7, hasumiya a f6 tana kallon dakaren daga gefe. Idan sarkin Fari ya zo kare shi, cek daga gefe ya kore shi, idan kuma dakare ya hau a7, hasumiya ta koma a6 bayansa.

Hasumiya a bayan dakare, hasumiya mai aiki

Siegbert Tarrasch, likita Bajamushe kuma babban malamin ces, ya kafa ƙa'idar cewa wurin hasumiya shi ne bayan dakaren da ya samu hanya, nata ne ko na abokin karawa. Hikimar ita ce, duk takun da dakare ya yi gaba, hasumiyar da ke bayansa fili take ƙaruwa da shi, wadda ke gabansa kuwa matsuwa take yi. Da irin wannan tsari Alexander Alekhine ya ci wasa na 34, na ƙarshe, a karawarsa da José Raúl Capablanca a Buenos Aires ta Ajantina a 1927, ya karɓi kambun duniya. Ƙa'idar tana da togaciya, tsaron Vančura ma ɗaya ne daga ciki, saboda haka jagora ce ga lissafi, lissafin kuma sai an yi shi.

Ƙa'ida ta biyu ita ce hasumiyar da aka ɗaure da gadin dakare ɗaya ta rasa rabin ƙarfinta. Sau da yawa gara a bar dakare ya tafi a samu hasumiya mai kai hari. A New York a 1924 Capablanca ya bar wa Savielly Tartakower dakaru biyu da gangan, domin sarkinsa ya ratsa ta g3 da h4 da g5 ya isa f6, ya haɗu da hasumiyar da ke sahu na 7 da dakaren da ya samu hanya, ya kuwa ci wasan. A ƙarshen wasa sarki mayaƙi ne, wanda ya bar nasa a kusurwa ya rage wa kansa runduna.

Ƙa'ida ta uku ta shafi musaya. Kada a ba da hasumiya a karɓi hasumiya sai an ƙirga wasan sarki da dakaru da zai biyo baya har ƙarshensa, domin musaya ba ta da gyara. A Singafo ranar 12 ga Disamba 2024, a wasa na 14 na gasar duniya, Ding Liren ya miƙa hasumiyarsa don musaya a motsi na 55 a matsayin da ake sa ran kunnen doki. Gukesh Dommaraju na Indiya ya karɓa, ya tilasta musayar giwaye, ya rage da rinjayen dakare da ba a iya tarewa, ya zama zakaran duniya yana da shekara 18.

Matsalar Saavedra

Wasa ƙwaƙwalwar da ta fi kowace shahara a wannan babi 'ya'ya huɗu ne kacal. Sarkin Fari yana b6, dakarensa yana c6. Sarkin Baƙi yana a1, hasumiyarsa tana d5. Fari ne da motsi, kuma nasara ake nema. Hasumiya tana da darajar dakaru biyar, amma nisan sarkin Baƙi da kusancin dakare ga naɗi sun juya ma'auni. Ya kamata mai koyo ya jera ta a allo, ya gwada da kansa kafin ya karanta amsa.

Motsin farko dole ne: 1. c7. Baƙi ba zai iya zuwa d8 ba, dakare zai ci hasumiyar, ba zai iya zuwa c5 ba, sarki zai ci ta. Sai cek: 1... Hd6+. A nan tarko biyu suke. Idan 2. Sb7, sai 2... Hd7, dakare ya maƙale tsakanin hasumiya da sarkinsa, Baƙi ya ba da hasumiya a kansa a tashi kunnen doki. Idan 2. Sc5, sai 2... Hd1, kuma in Fari ya naɗa sarauniya, Hc1+ za ta ratsa sarki ta cinye ta, dara ta ci gida. Hanya ɗaya ce: sarki ya gangara ta layin b. 2. Sb5 Hd5+ 3. Sb4 Hd4+ 4. Sb3 Hd3+ 5. Sc2. Yanzu ya taka layin c a wurin da hasumiya ba ta da filin zagayowa bayansa, kuma yana kai mata hari.

Da alama an gama, sai Baƙi ya fito da dabararsa ta ƙarshe: 5... Hd4. Idan Fari ya naɗa sarauniya a c8, sai 6... Hc4+, dole sarauniya ta ci hasumiya, daga nan sarkin Baƙi a a1 ba ya cikin cek kuma ba shi da gidan zuwa, domin sarkin Fari ya riƙe b1 da b2, sarauniya ta riƙe a2. Kunnen doki. A kan wannan Georges Barbier ya tsaya lokacin da ya buga matsalar a wata jaridar Glasgow a 1895, ya ce Baƙi ya tsira.

Fernando Saavedra, wani limamin coci ɗan Sifaniya mazaunin Glasgow wanda ba a san shi da wata ƙwarewa a wasan ba, shi ya ga abin da ya kuɓuce: a naɗa dakaren hasumiya. Bayan 6. c8=H, idan Baƙi ya yi 6... Hc4+, hasumiya ta ci, gidan a2 yana buɗe, sarki ya shiga dole, sai Ha4 mat. Kuma Fari yana barazanar mat ta layin a. Kariya ɗaya ta rage, 6... Ha4, sai 7. Sb3. Sarki yana kai wa hasumiya hari, ya kuma buɗe layin c domin mat a c1. Baƙi ba zai iya tare biyun ba.

Darussa uku ne a nan. Motsin da ya fi ƙyalli yana iya zama kuskure, sarauniya ta fi hasumiya daraja amma a wannan gida ita ce ke ɓata nasara. Mai rinjaye ya fi kowa buƙatar neman dabarar abokin karawarsa ta ƙarshe. Sannan abin da aka buga a jarida ko littafi ana gwada shi a allo, domin mai koyo da ya natsu yana iya ganin abin da marubuci ya tsallake.

Yadda ake atisaye

Wannan babi ba ya buƙatar kayan tsada. 'Ya'ya biyar sun isa Lucena da Philidor, kuma ana iya zana allo a kwali, a yi 'ya'ya da marafan kwalba. Tunde Onakoya, wanda ya kafa Chess in Slums Africa a Legas a 2018 domin koyar da yaran unguwannin talakawa, a shagon aski ya fara koyon wasan. Hanya mafi amfani ita ce abokai biyu su jera matsayi ɗaya, wannan ya nemi nasara wancan ya yi tsaro, sannan su yi musayar launi, su maimaita har hannu ya saba. Wanda ya karanta Lucena sau ɗaya ya gane ta, amma sai wanda ya buga ta sau da yawa yake tuna ta lokacin da agogo ke ƙure shi.

Waya tana taimakawa idan an san lokacin ɗaukarta. Tun 2012 masu bincike a Jami'ar Mosko suka kammala lissafin kwamfuta na duk matsayin da bai wuce 'ya'ya bakwai ba, kuma shafin Lichess yana nuna irin wannan amsa kyauta. Sai dai wanda ya duba amsa kafin ya wahala da tambaya, bai ƙaru da komai ba. Ya kamata mai koyo ya ba matsala lokacinta ba tare da taɓa 'ya'ya ba, ya rubuta amsarsa da duk rassanta a takarda, sannan ya gwada. Inda ya kuskure, ya nemi takamaiman motsin abokin karawa da bai hango ba, domin nan ne gyaran yake. Matsala ɗaya da aka warware har tushe ta fi ashirin da aka yi wa kintace.

Akwai dokoki da ladubban da ke tafiya da wannan. Ɗan da aka taɓa shi ake motsawa. Idan matsayi ɗaya ya maimaitu sau uku, ko aka yi motsi 50 kowane ɓangare ba a ci komai ba kuma dakare bai motsa ba, ana iya neman kunnen doki, don haka mai tsaro kada ya sallama da wuri, mai rinjaye kuma kada ya ɓata motsi. Wanda aka ci ya miƙa hannu, ya zauna da wanda ya ci shi su bi wasan daga baya. Lokacin wasa kuma bayan salla ne da karatu da aikin gida da na gona, ban da caca ko da ta naira ɗaya ce.

Tsarin koyo daga sauƙi yake hawa. A fara da yin mat da sarki da hasumiya kawai, domin nan ne matsaloli da yawa suke ƙarewa, har da ta Saavedra. Sai sarki da dakare a kan sarki, wanda shi ne ma'aunin kowace musaya. Sai Lucena da Philidor, sai gajeren ɓangare da dogo, sai dakaren gefe da tsaron Vančura, sai hasumiya a kan dakare. Bayan waɗannan ne ake shiga matsayai masu dakaru da yawa, inda aikin ɗan wasa a kowane motsi shi ne ya gane wanne ne daga cikin waɗannan ƙananan matsayai wasan ya nufa, ya ƙirga ko zai amfane shi, sannan ya kai wasan can ko ya kauce masa.